Shirun Goggo

Duk wadda ta shigo gaisuwa sai ta ce Goggo mace ce mai haƙuri. Na ji wannan magana har kunnena ya gaji. Allah ya jiƙanta, amma Goggo ba ta da haƙuri, ni ma a wurinta na ɗauko rashinsa. Mace ce da in kika tsaya jan gaisuwa za ta ce miki, "Lafiya lau, faɗi abin da ya kawo ki."

Na zauna a gefen tabarma ina kallon mata suna shigowa. Kowace ta tuɓe takalmi, ta durƙusa, ta ce ya haƙuri, a ce da godiya, ta yi ɗan shiru don kada a ce, sannan a koma hirar da ke cin kowa a rai: ruwa ya ɗauke, masara ta kai gwiwa ta tsaya, hadari ya taso jiya ya watse. Wata maƙwabciyarmu ta yi kuka na gaske har sai da aka fita da ita. Wata kuma da ba sa ga maciji da Goggo ita ta fi kowa yabo. Matar Baffa tana raba gumba, idonta na kan ɗakin da aka kulle tukwanen Goggo a ciki. Sai wani dattijo daga Kwaja ya shigo da sandarsa. Ya tsaya a tsakar gida gaban turken da ke kusa da rumbu, ya leƙa cikin gwangwanin tumatir ɗin da ke ɗaure a kai, ya ga a bushe yake, ya gyaɗa kai, ya koma wurin maza. A duk masu gaisuwar nan shi kaɗai na tabbata ya san abin da aka binne.

Shi ya sa nake rubuta wannan. In na yi shiru, baɗi war haka abin da zai rage na Goggo a bakin mutane shi ne mai haƙuri, kuma wannan ba ita ba ce.

Goggo yayar babana ce. 'Ya'yanta sun rasu tun suna ƙanana, mijinta ya bi su, sai aka ba ta ni riƙo bayan an yaye ni. Da babana ya rasu, Inna ta yi wani aure a cikin gari, ni na ci gaba da zama inda nake. Mu biyu ne a gidan, a gefen Mubi, inda gidaje ke ƙarewa gonaki su fara. Tana noma masara da gyaɗa da ɗan wake, rani kuma ta auna hatsi a kasuwa. Ita ta sa ni makaranta har na gama sakandare, ita kuma ta fi kowa raina abin da na karanto. In na gyara mata Hausa, don Hausarta ba ta san mace ba, ba ta san namiji ba, sai ta ce, "Kin gane ko ba ki gane ba? To me ya rage?"

Da aka dawo daga maƙabarta, Baffa, wato ƙanenta, ya tattara duk abin da ke nata ya shigar ɗaki, ya sa kwaɗo, ya zura makulli a aljihu. Ya ce ba wanda zai taɓa ko allura sai an yi sadakar bakwai, dangi sun hallara. Ba zan yi masa ƙarya ba, yana da dalili. Lokacin da kakanmu ya rasu kaya sun yi ƙafa tun gawa ba ta fita ba, kuma har yau akwai 'yan uwan da ba sa gaisawa saboda wata garma. Wayar Goggo, 'yar ƙarama mai tocila, tana cikin kwalla tare da carbinta da ragowar goro. Ta bi sauran kaya.

Washegari da sassafe, ana zaune ana shan kunu, wayar ta yi kuka daga cikin ɗakin. Kwallar ta ƙara mata amo. Ta yi kuka ta katse, ta sake yi ta katse. Mata suka kalli ƙofa, wata ta ce, "Allah sarki, wani bai ji ba tukuna." Ni kuwa na ajiye kofina, don na san wace ce, na kuma san abin da take cewa. Maiha ce. Tana cewa jiya ma ba a yi ruwa ba.

Bari in koma baya.

Shekarar da baƙuwar tsutsar nan ta fara cin masara, Goggo ta yi asara kamar kowa. Tsutsa ce da ke shiga can cikin zuciyar masara inda sabon ganye ke fitowa, ta yi ta ci a ɓoye, kafin ka ga ganye ya zama tsumma ta riga ta yi ƙiba, magani ba ya jin ta. Wani malamin gona ya zo unguwa ya tara mutane a gindin mangwaro. Maza suka yi ta tambayar sunan magani. Goggo ta ce ita ba magani ta zo tambaya ba, so take ta san yaushe abin ke zuwa. Malamin ya ji daɗin tambayar, ya zauna ya yi mata bayani. Ya ce wani ɗan malam-buɗe-littafi ne mai ruwan ƙasa ke saka ƙwai a ganye. In ana ruwa mai ƙarfi a kai a kai, ruwan na wanke ƙwan, yana nutsar da ƙananan tsutsar a cikin zuciyar masara. Amma in ruwa ya ɗauke bayan shuka ta tashi, ga zafi, to sun samu gari. Ya ce ta kafa gwangwani a fili ta riƙa duba abin da ya sauka, kada ta dogara da ƙarar kwano, don kwano maƙaryaci ne, yayyafi ma sai ya mai da shi ruwan ƙarshen duniya.

Goggo ba ta taɓa mantawa da mutumin nan ba. Ko bayan an sauya masa wurin aiki, in ta yi magana sai ta ce "yaron nan mai hankali ya ce". Ta kafa gwangwaninta a kan turke. Kowace safiya bayan salla za ta tsoma yatsa a ciki. In ruwa bai kai gaɓar farko ba, ba ta kiransa ruwa, sai ta ce sama ta yi tofi. Ta zubar, ta mayar, ta fita bakin gona ta ratsa ciyawa ta dawo tana duba gindin zaninta. In ya jiƙe sharkaf, kuma raɓa ta kai hantsi ba ta bushe ba kwana da kwanaki, sai ta ce a sa ido a kan gyaɗa, baƙin ɗigo-ɗigon nan na ganye yana hanya. In zani ya dawo a bushe, gwangwani a bushe, dare ba sanyi, sai ta ce masu cin masara sun ɗaura niyya, darɓa kuma za ta sauka a wake.

Da a nan ta tsaya, da ba abin rubutawa. Amma Goggo ta lura da abin da kowa ya sani ba wanda ya yi aiki da shi. Rediyo zai ce za a yi ruwa a Mubi. Ita kuwa cewa take, "Ruwa ba ya sauka a Mubi, a gona yake sauka." Sai a yi kamar da bakin ƙwarya a Kwaja, mu nan ko ɗigo. Sai mayo, wato rafi, ya cika ya kawo daga ruwan duwatsu, alhali gonar da ke bakinsa tana ƙishi. Don haka ta nemi mutanenta. Dattijon Kwaja da take sayen dawa a wurinsa. Matar wani mai wa'azin coci da ke can kan duwatsu. Wani makiyayi da ke zaune a bakin mayo, wanda ya fara noma da girma. Da wata tsohuwa a wajen Maiha, wadda ta ba Goggo ɗaki da tabarma shekarar da kowa ya gudu daga gari, ni kuwa na bi Inna wani wajen. Kowannensu ta ba shi gwangwanin tumatir irin nata sak, don ta ce in gwangwani ya bambanta yatsa zai yi ƙarya.

Ba mai kuɗin kati a cikinsu, don haka filashin suke yi. In ruwa ya wuce gaɓa, a kira sau ɗaya a katse. In ba a yi ba, sau biyu. Goggo ba ta mayar wa kowa. Tana tarawa ne a kanta, tana haɗawa da abin da ta gani a zaninta da abin da makiyayin ya gaya mata ranar kasuwa. Sai ranar da ta ga bushewar wani wuri ta yi yawa, ta aike ni in sa mata kati, ta kira mutumin da bakinta, ba gaisuwa ba komai: "A duba masara. A buɗe zuciyarta a duba, ba daga bakin hanya ba." Wanda aka kira zai je ya tarar da ƙananan tsutsa tun suna kamar zare, ya zuba toka da yashi, ko ya yi feshi tun abin na jin magani. Wanda ba a kira ba ya kwanta ya yi barcinsa. Ƙa'idar kenan, ita ta kafa ta, kuma tana alfahari da ita: shirunta lafiya ne.

Aikina a ciki shi ne karatu, don Goggo ba ta iya karanta sunan da ke fitowa a waya ba. Ni na sa musu sunayen: Kwaja, Dutse, Mayo, Maiha. Kullum ina cikin barcin safe zan ji an buga ƙafata. "Tashi, wa ya kira?" In ce Dutse, ɗaya. "Maiha fa?" Biyu. "Jiya ma biyu ko?" In ce ban sani ba, Goggo, ni ba rediyo ba ce. Ta ce da rediyo ce ni da ta huta, don shi ana murɗa masa kunne ya yi shiru. Na tsani aikin nan. Ina gama faɗa nake juya baya in ja mayafi.

Da na samu babbar waya, mai nuna yanayin gobe da jibi, na ɗauka na gama da gwangwani. Na kai mata na ce ga abin da ya fi naki. Ta karɓa ta juya ta, ta ce in karanta mata. Na karanta. Washegari aka yi ruwan da wayar ta faɗa. Na zaci za ta ji haushi, sai ta ce, "Madalla. Taki ta san gobe, tawa ta san jiya. Tsutsa daga jiya take fitowa, amma magani gobe yake tsoro." Daga ranar aikina ya zama biyu. Ba ta sake barin kowa ya yi feshi ba sai ta tambaye ni ko akwai ruwa a gaba, don kada a zuba magani da yamma sama ta wanke shi kafin gari ya waye.

Ba kullum take dacewa ba, kuma ba zan ɓoye ba don ta mutu. Akwai damina ɗaya da ta kira kowa ta tayar da hankali, mutane suka sayi magani, wasu har da sayar da kaza, sai ga ruwa kamar an ɓalle sama, ya yi aikin da kansa. A kan wannan suka yi faɗa da Baffa. Shi Baffa mutumin famfon feshi ne, yana goya shi a baya ya bi gona ko da tsutsa ko babu, wai rigakafi. Ya zo har gida ya ce ta daina ruɗa mutane da gwangwanin miya, ita ba ma'aikaciyar gwamnati ba ce. Ta ce gara ita ta ruɗa su sau ɗaya, shi kuwa kullum a ruɗe yake, yana shayar da ƙasa guba yana kashe har tururuwar da ke taya shi cin tsutsa. Ya ce ai ita ma ta yi kuskure. Ta ce, "Na yi. Wanda ke dubawa shi ke kuskure. Kai yaushe ka duba?" Suka daina magana har aka yi girbi. Da salla ta zo ta aike ni in kai masa cinyar kaza, ta ce in gaya masa ba sulhu ba ne, kaza ce ta yi yawa.

Maƙwabciyar nan da na ce ta yi kuka, mijinta ya rasu ya bar ta da goyo da gonar masara, ba ta da ko na magani. Goggo ta hana mu zubar da toka, ta bi gidaje tana kwasar ta murhu, ta tankaɗe ta gauraya da yashin mayo. Ta ja ni muka tafi. Tsire ɗaya bayan ɗaya, a buɗe zuciyar, a zuba ɗan tsunkule, a wuce. Rana ta daki bayanmu, ni ina ta mita, Goggo tana gaba a duƙe tana zagin tsutsa da Fulatanci. Da matar ta fara godiya, ta katse ta: "Riƙe godiyarki, ki riƙe layi. Kin tsallake biyu."

Rashin lafiyar da ta ɗauke ta ba ta daɗe ba. Zazzaɓi ne, muka je asibiti, aka ba da magani, muka dawo, jiki ya ƙi. Ko a kwance ba ta fasa ba. Ranar ƙarshe da safe na karanta mata: Kwaja ɗaya, Dutse ɗaya, Mayo ɗaya, Maiha biyu. Ta rufe ido kamar tana lissafi, ta ce Maiha ta daɗe a bushe, kuma masarar tsohuwar nan a daidai lokacin tsutsa take. Ta tambayi abin da wayata ta ce, na ce ba alamar ruwa a can. Ta ce, "In gobe ma biyu ne, ki sa mini kati." Da la'asar ta cika.

To ga gobe ta zo, ga Maiha ta kira biyu, ga waya a bayan kwaɗo.

Na tashi na sami Baffa a zaure cikin maza, na durƙusa, na ce ina son magana. Ya fito. Na ce ya buɗe mini ɗaki in ɗauki lamba ɗaya kawai a waya, a gabansa, in mayar. Ya tambayi ta wa. Na yi masa bayani, kuma na san ban iya bayani ba, sauri nake, muryata tana hawa. Ya dube ni ya ce, "Ana zaman makokin wadda ta raine ki, ke kina maganar tsutsa?" Na ce ita ma da ita ce maganar da za ta yi kenan. Ya ce in ya buɗe mini yau, gobe wata za ta ce zaninta na ciki, jibi wani ya ce ya ba ta ajiya. Ya ce wadda ke Maiha ai tana da ido, ta duba gonarta. Inna ta jawo ni ta hannu tana cewa kada in ja mata abin faɗa a gidan mutuwa.

Abin da Baffa bai sani ba, ni ma daga bakin Goggo na sani, tsohuwar ba ta da idon kirki, gwiwa kuma ta hana ta tafiya. Gonarta na da nisa da gida. 'Ya'yanta sun watse, ba kowa sai ita. Ba ta zuwa gona sai da dalili, sai ta nemi mai babur ya kai ta. Gwangwani kuwa a ƙofar ɗakinta yake, yatsa ba ya bukatar ido. Shekara da shekaru dalilinta ɗaya ne, muryar Goggo.

Na tambayi dattijon Kwaja ko ya san ta, ya ce sunanta kawai yake ji, Maiha. Matar mai wa'azi ta zo gaisuwa da 'yan cocinsu, ita ma ba ta da lambar. Ashe duk ba su san juna ba, Goggo ce kaɗai igiyar. Na yi tunanin shiga mota, amma Maiha ba gida ɗaya ba ce. In je in ce ina neman wa? Tsohuwa mai gwangwani?

Sauran sun ji labari sun daina kira. Ita kaɗai ta rage. Kowace safiya, lokacin da Goggo ke buga ƙafata, sai kwalla ta ɗauki ƙara. Kuka, shiru, kuka, shiru. Ina kwance a rumfa cikin matan da suka kwana, idona biyu, ina jin wata mata a can tana gaya wa gawa cewa ba a yi ruwa ba, tana kuma ajiye waya da kwanciyar hankali tunda ba a kira ta ba. Bayan sadakar uku mutane suka ragu. Wata safiya na jira, ban ji komai ba. Caji ya ƙare. Ban yi kuka ranar da aka fita da Goggo ba, mutane har sun yi gulma. Ranar da wayar ta mutu na yi.

Da aka yi bakwai, Baffa ya buɗe ɗaki a gaban dangi. Aka raba zannuwa da tukwane da buhunan da ke rumbu, ba a yi faɗa ba, wannan kam ya samu abin da yake so. Wayar ba wanda ya kalle ta, fuskarta a tsage, an ɗaure bayanta da roba. Ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba, ya ce, "Ga tsutsarki." Na fita da ita a hannu zuwa shagon caji, na tsaya a kan mai shagon har ta kawo wuta, na sa kati, na kira.

Bugu ɗaya aka ɗauka. Murya ce siririya, tana dariya tun kafin ta yi magana. "Adda, yau kam kin tuna da ni. Tsutsa ne ko?"

Na shirya magana a hanya, mai taushi, irin ta mutane. Duk ta gudu. Na ce, "Ba ita ba ce, 'yarta ce. Goggo ta rasu, an yi bakwai. Mama, ki je ki duba masara."

Ta yi salati a hankali. Sai ta ce, kamar ba da ni take ba, "Ni kuwa ina ta cewa Adda shiru, ashe bana an tsira." Ta ce ranar da ta ji waya a kashe ta ce wuta ce babu a Mubi, kamar kullum.

Washegari na shiga keke napep zuwa tasha, na hau motar Maiha da ƙullin toka a leda, wadda na tara daga murhun makoki. Ta kwatanta mini hanya, mai babur ya ƙarasa da ni. Na same ta zaune a ƙofar ɗaki, 'yar ƙaramar mace, ga turke ga gwangwani, ya yi tsatsa irin namu. Ta shafa fuskata da hannu biyu ta ce goshin Adda ne. Ba mu ja gaisuwa ba. Muka hau babur mu biyu, ita a tsakiya.

Tun daga bakin gona na gani. Ganye ya zama raga, zuciyar masara cike da kashin tsutsa kamar an zuba dusa. Na buɗe ɗaya na ciro tsutsa mai kaurin ɗan yatsana. Gefen tudu ya tafi, ba abin da toka za ta yi masa. Gefen kwari, inda ƙasa ke riƙe laima, da sauran rai. Ta tambaye ni yaya, don ba ta gani sosai. Na ce rabi ya tafi. Ban san yadda ake rage irin wannan magana ba, Goggo ba ta koya mini ba. Ta ce to, a kama rabin. Muka shiga layi, ni ina cire manyan da hannu ina murjewa, ita tana bina da toka tana lalube. Muna aiki tana ba ni labarin shekarar gudu, yadda Goggo ta iso gidanta ba takalmi, ta kwana ɗaya, da safe ta fara yi mata faɗa a kan yadda take ajiye iri. Ta yi dariya, ta share ido da bakin zani, toka ta ɓata mata fuska.

Da za mu rabu ta riƙe hannuna ta ce, "Gobe in kira, ko in bari?"

Gaskiya ban yi niyyar gadon wannan aiki ba. Inna ta riga ta samo mini wuri a wani shago cikin gari, kuma ni ban san rabin abin da Goggo ta sani ba. Ban iya karanta zani ba, ban san warin iskar da take cewa ta ruwa ce ba. Abin da na sani shi ne ɗaya da biyu, da abin da wayata ke faɗa, da fuskar tsutsa tun tana zare. Na ce ta kira. Amma na ce ƙa'ida ɗaya ta Goggo ta mutu tare da ita. Daga yau duk wanda ya yi mini filashin zan mayar masa, sau ɗaya, ya san akwai mai rai a wannan gefen. Ranar da ba a mayar ba, kada wanda ya kwanta. A nemi babur a je gona, sannan a aiko a tambaya ko lafiya. Na bi sauran ukun na gaya musu haka, na kuma ba kowa lambar kowa.

Yanzu ni kaɗai ce a gidan. Na ƙi komawa wurin Inna, daga nan nake zuwa shago in dawo. Ba mai buga ƙafata, amma ina farkawa a lokacin. In fita tsakar gida, in tsoma yatsa a gwangwani, in zauna a bakin rumbu da 'yar wayar a cinya. In ta yi kuka, har yanzu bakina na faɗin sunan da ƙarfi, Kwaja ɗaya, Dutse biyu, sai in tuna ba mai tambaya. Baffa ya wuce ranar nan da famfonsa a baya, ya tsaya a bakin ƙofa, ya yi gyaran murya, ya ce wai me wayar ta ce game da gobe. Na ce akwai ruwa. Ya juya gida da famfon.

Allah ya jiƙan Goggo, ya yafe mata kaifin bakinta, ya saka mata da kowane tsiron da ta duƙa a kansa. Ya sa kabarinta ya fi gefen kwari laima. Mu da muka rage, Allah ya ba mu masu jin shirunmu su zo su duba.

Yau da safe Maiha ta kira sau ɗaya. Na mayar mata.